Yadda Na Je Yamai Neman Gidan Ƙanena

Tun da na dawo daga Yamai bakina bai huta ba. A ajinmu na matan aure, a gidan suna, har a layin injin niƙa, sai an tare ni: Dije, yaya garin yake, da gaske ne burodinsu ya kai tsawon taɓarya, ina labarin gidan Sale mai furanni? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, har an fara cewa jirgi na hau. To tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro da furfura a kaina, bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya. Wadda ba ta iya karantawa ba tukuna, ta daina fashin aji.

Sale ƙanena ne, shi ne autan Inna. Shekara tara ke nan da ya ƙetare iyaka da sunan cin rani. Rani ya ƙare, damina ta zo ta wuce, bai dawo ba. Kira dai yana kira a waya, ba ya fashi. Ya kuma turo hoto guda wanda duk dangi sun gani: yana tsaye cikin farar shadda a bakin wata koriyar ƙofa, jajayen furanni sun zubo ta kan katanga. Ya ce nan yake. Mu kuwa muka ƙarasa masa sauran da kanmu, muka ce Sale ya yi gida, ƙila ma ya yi mata yana ɓoye mana. In aka ce ya zo, sai ya ce bayan salla.

Inna tana wurina a Jibiya tun shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu na wajen Mazanya. Idonta ya yi yana, ƙafa ta yi nauyi. Bayan girbin bana ta kira ni ɗaki. Ni ce 'yar farinta, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma saba roƙona komai ba. Ta ce, "Ke, ina son in taɓa yaron nan da hannuna tun ana iya tashe ni zaune." Mazan gidanmu suka ce a bari hanya ta yi kyau, a bari a ga mai zuwa can. Na ce su ci gaba da barin, ni jibi zan kama hanya. Ban gaya wa Sale ba. Gidan ƙane ba a neman izinin zuwansa, kuma na san in ya ji, wata sallar zai sake kawo mini.

Ba a zuwa gidan mutum hannu na dukan cinya. Na cika buhu da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, na zuba man shanu a roba mai murfi, na ɗora turmin atamfa don matar da nake zaton akwai.

Da safen tafiyar na wuce kangon da ke bayan tasha, inda matan ƙauyuka uku suke zaune tun bara, sun toshe tagogi da buhunan siminti. Na gaishe su kamar kullum. A ranar, da ka tambaye ni mene ne rashin gida, su zan nuna maka, in ce abu ne da bindiga ko ambaliya ke kawowa, ba shi da wata ƙofa sai waɗannan.

Daga Jibiya zuwa Magama ba a kiranta tafiya. A nan bakin iyaka ma'aikatan namu suka duba katina suka ce a sauka lafiya. A ɓangaren Nijar, wajen Ɗan Isa, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya sa a kwance buhu. Daddawa ta riga ni sallama. Ya ja da baya yana toshe hanci, ya tambaya ko duk Yamai zan yi wa miya. Na ce masa wanda aka yaye da miyar kuka ba ya toshe wa daddawa hanci sai in kaki ya hau masa kai. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, shi ma ya dara, ya ce ai uwarsa mutuniyar Madarunfa ce, ya ɗaure mini buhun da kansa. Nan kuma girman kaina na karatu ya sauka. Allunan bakin hanya duk Faransanci ne. Haruffan na san su ɗaya bayan ɗaya, amma in na haɗa su ba sa ce mini komai.

A motar Maraɗi na zauna kusa da wata mai fataucin kayan roba, Tanti Zali. Can haka suke kiran babbar mace, tanti. Kafin mu isa ta san sunan kakana, na san ciwon gwiwarta. Ta ce ba zan kwana a tasha ba tana da ɗaki. Maraɗi ba baƙon wuri ba ce, tuwonsu tuwonmu ne, zaginsu ma namu ne, sai dai asibiti su ce likita, makaranta su ce lakwal. A layinsu na ga wata tsohuwa daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, wani mai awon hatsi ya ba ta zaurensa ita da jikokinta, ya koma shiga gidansa ta ƙofar baya. Tanti ta ce a Maraɗi marar gida bai rasa wanda ya san ubansa ba, shi ya sa abin bai cika fitowa titi ba.

Da ta raka ni tashar manyan motocin Yamai na ga wata babbar rumfa da tabarmi, maza gefe, mata gefe, don matafiyan da za su tashi da asuba. Tanti ta raɗa mini cewa ba duk masu kwanciya a nan ke da inda za su ba. Mai gadi ya san su, yana kau da kai, muddin mutum ya naɗe tabarma ya ɓace kafin a fara kiran suna.

Hanyar Yamai doguwa ce, wuni guda cur. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kowane gari a sauka a nuna kati a koma. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne siriri, kuma in ya kwana zai iya fasa kan mutum. Robar man shanu na tura ta ƙarƙashin kujera, ban san nan zafin inji yake ba. Bayan Ƙonni mai ya narke, murfi ya saki, ya malala har cikin takalmin dattijon da ke gefena. Na shirya faɗa, don na saba in an taka ni in rama, in na taka mutum ma in riga shi. Sai ya dubi ƙafarsa ya ce ai faso ya daɗe yana damunsa, Allah ya kawo magani har kujera.

Sunansa Malam Idi, albasa yake kaiwa ƙasashen kudu shekara da shekaru. Da ya ji inda za ni da abin da ke kai ni, sai ya shiga ba ni labarin garuruwan da ya sani, kuma duk labarinsa na wurin kwana ne. Ya ce a Ikko ƙarƙashin gada ma da mai ita, sai ka sallame shi kafin ka shimfiɗa kwali, kuma takalminka shi ne matashinka in kana son ka tashi da shi. A Kumasi 'yan mata masu dakon kaya a kwano suke jeruwa a barandar shaguna jiki da jiki, babbarsu a bakin layi tana tsaro. A Kano akwai gindin gada da bakin kasuwa, amma da wuya gari ya waye ba a miƙo maka ɗumame daga wani gida ba. Wani direba kuma ya ce masa a ƙasar Turawa sanyi ke kashe mutum a ƙofar gidan da ba kowa a ciki, daga shi sai karensa.

Na ce duk wanda ke da dangi ya kwana a titi, lalacewa ce kawai.

Ya ce, "Hajiya, yawancin waɗanda na gani suna da dangi. Dangin ne ma suka hana su komawa."

Na ɗauka surutun tsufa ne. Na juya ina kallon taga.

Mun shiga Yamai da la'asar. Sunan unguwa kawai na sani, sai hoton. Mai tasi, Bazabarme ne mai gurguwar Hausa, ya yi ta zagaye da ni, ko'ina katanga, ko'ina furanni. A gefen hoton akwai rabin wani allo. Na kwafe haruffan a bayan hannuna, muna tafe ina gwadawa da kowane allo, har muka dace da shi a jikin wani kantin magani. Ga koriyar ƙofa nan kusa da shi.

Mai gadi Buzu ne, yana dafa shayinsa. Ya miƙe zai yi tambaya, na ce ya shigo da buhun, na wuce. Wa zai tsayar da ni a ƙofar ƙanena? A baranda na tarar da wata doguwar mace da tabarau tana duba takardu. Na yi sallama, na nemi kujera mafi kyau na zauna, na jira. A garinmu in yayar miji ta zo, ana durƙusawa, a karɓi mayafi, a kawo ruwa kafin a tambayi hanya. Wannan ko motsi ba ta yi ba, kallona kawai take ta saman tabarau. Na ba ta lokaci, don kada a ce ban yi haƙuri ba. Sannan na buɗe baki. Na ce yanzu na gane abin da ya riƙe Sale shekara tara. Na tambaye ta ko a gidansu ba a koya mata gaida dangin miji ba, ko kuwa boko ne ya cinye gwiwoyinta. Na ciro atamfar na ajiye a kan takardunta, na ce ga shi nan, mu dai an koya mana.

Ta yi wa mai gadi magana da Faransanci. Ya matso ya karɓi wayata, ya daɗe yana duban hoton.

Ya ce, "Wannan ai Sale ne mai ban ruwan furanni. Shaddar tawa ce, ranar salla na ara masa."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wadda ta hana ni tashi daga kujera ba. Mai gidan wani ma'aikaci ne, matar kuma malamar makaranta, ba ta taɓa auren kowa ba sai mijinta. Da mai gadi ya fassara mata abin da na ce, har da zancen gwiwa, sai ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye. Ta shiga ta kawo mini ruwan sanyi da hannunta, ta ɗan rusuna da gangan tana miƙo mini. Na so ƙasa ta tsage.

Mai gadi ya nuna mini ginin da ke tashi a gefen gidan. Ya ce nan fili ne da, Sale yana da bukka a ciki shekara shida, yana tsare wa mai wurin. Bara aka fara gini, ya tashi. Yanzu dako yake a kasuwar Katako, kayansa suna wurin wani mai shayi, kwana kuma duk barandar da ta samu. Ya ce in bari sai da safe, ya kai ni wurin wata mata a ƙarshen layi.

Wannan shi ne abin da ban gani ba a ko'ina sai Yamai. Tsakanin manyan gidaje, duk inda aka bar fili ba a gina ba, za ka ga bukkokin zana da iyali a ciki, da awaki, da murhu. Mai fili ya san da su, yana ma so, don suna hana a zuba masa shara ko a ci masa iyaka. Ba takarda, ba wa'adi. Matar da ta sauke ni sunanta Hamsatu, 'ya'yanta huɗu, kowanne a fili daban aka haife shi. Ta ce ba a ba su sanarwa da baki. Ranar da suka ga tifa ta juye yashi a bakin fili, sun san saura kwana kaɗan, sai mijinta ya fara zagaye yana neman wani. Ta faɗi haka tana tankaɗe, kamar mai zancen canjin kasuwa. Wutar lantarkin maƙwabta tana haska mata tsakar gida kyauta, ruwa kuma malamar nan mai tabarau ke bari su ɗiba.

Ta ba ni dambu da zogale, na kwance buhu na ba ta rabin daddawa da kuka. Ta shimfiɗa mini tabarmarta ita ta koma ta yara. Na zo gari da niyyar kwana a gidan sama, wadda ba ta da gida ce ta ba ni masauki.

Da sassafe mai gadi ya kai ni wurin mai shayin, wani tsoho mutumin Tawa, ana ce masa Baba Alka. Teburinsa yana gindin wata darbejiya, jikin katangar bayansa kuwa ƙusoshi ne a jere, kowace da jaka a rataye. Ya ce kowace ƙusa mutum ce. Nan 'yan dako marasa ɗaki suke ajiya, nan ake bar musu saƙo, nan suke cajin waya. In ƙusa ta kwana biyu ba a taɓa jakarta ba, sai a bazu neman mai ita, asibiti ko wurin 'yan sanda. In ɗaya ya kwanta ciwo, sauran ke ɗaukar masa dako. Suna da babba, suna da doka: ba sata, ba ƙwaya, wanda ya karya a sauke jakarsa ƙasa.

Ina zaune a benci sai ga Sale da kwali a naɗe a hammata. Ya rame, gemunsa ya fara fari. Ya gan ni ya tsaya cak.

Ya ce, "Yaya. Wa ya rasu?"

Na ce ba wanda ya rasu tukuna, kuma in yana son ya ci gaba da jin haka, ya sauke jakarsa mu tafi. Sannan na yi masa tas a gaban abokansa, ban rage komai ba, har shaddar aro. Bai ɗago kai ba. Da na gama ya ce ba zai iya ba. Ya ce sa'o'insa sun gina ɗakuna, sun aurar da 'ya'ya, shi da mi zai shiga gari? Ya ce a bar Inna da hoton, ya fi mata daɗi, ta zauna a ɗakinta na gado tana cewa autanta ya yi arziki.

A nan ne na tuna ba shi kaɗai ke da shaddar aro ba. Matafiyi ba a gaya masa mugun labari a waya, haka muka tashi muka gani. Duk lokacin da ya ji an kai hari wajenmu ya kira, sai mu ce namu bai taɓu ba, Inna ta zo Jibiya ganin likita ne.

Na ce, "Wane ɗakin gado? Sale, ƙauyen babu shi. An ƙone rumbuna, an kwashe ƙyamare, ciyawa ta fito a ɗakin da aka haife ka. Inna a ɗakin ajiyar hatsina take kwana shekara huɗu. Kai kana ɓoye mata ba ka da gida, ita tana ɓoye maka ba ta da shi. Ni kuma na gaji da riƙe muku waya."

Ya zauna a ƙasa. Baba Alka ya haɗa masa shayi bai sha ba. Can ya miƙe ya sauke jakar, amma ya ce wa tsohon a bar masa ƙusarsa, zai je ya gani ne ya dawo. Baba Alka ya juya wajen katanga. Ya ɗauko filaya ya zare ƙusar, ya jefa ta cikin kwata. Ashe haka suke yi wa duk mai komawa gida, don kada ya bar wa zuciyarsa wurin ratayewa. Sauran kuma kowa ya kawo abin da yake da shi, wani hula, wani sabulu, wani ƙullin dabino, wai ba a barin ɗan'uwa ya shiga garinsu jaka ba nauyi. Atamfar na bar wa Hamsatu.

Mun kwana a Maraɗi wurin Tanti Zali, da hantsi muka ƙetare. Muna wuce shingen Magama sai Sale ya nemi benci a wata rumfa ya zauna. Ya ce in yi gaba, shi zai jira duhu. Kun san al'adar. Wanda ya dawo da kaya da rana yake shiga gari, yara na bin mota. Wanda ya dawo haka nan sai bayan isha, ta bayan gari, a wayi gari kawai a gan shi a masallaci, kowa ya yi kamar bai taɓa tafiya ba.

Na ce masa ban ɗauko ɓarawo ba. Na ce rabin garin nan yanzu da rana tsaka suka shigo shi, da tabarma a ka, ba wanda ya jira duhu, kuma ba su fi shi rashin kunya ba. Na tare masu babur biyu, na ɗora jakarsa a nawa. In yana son kayansa ya biyo su.

Ranar kasuwa ce, kuma ta tsakiyarta na sa aka bi. Ba mu kai rumfar masu hatsi ba wani abokin wasanmu ya hango shi, ya ɗaga murya yana cewa Alhajin Yamai, ina aka baro motar? Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ji Sale ya riga ni.

Ya ce, "Babu mota, babu gida. Ni ɗin ne dai."

Mutumin ya matso kusa. Sai ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce to ai shi ake nema, ya zo gobe akwai aikin ɗora buhuna in yana so.

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana tsinke zogale da lalube. Sale ya durƙusa a gabanta. Ta ajiye faranti, ta shafa kansa, ta shafa gemun, ta sauko kafaɗa inda dako ya yi masa kanta, ta daɗe a wurin. Ya fara cewa Inna, hoton nan, sai ta katse shi.

Ta ce, "Auta, shekara tara kana kirana. Ban taɓa jin an rufe ƙofa a bayanka ba, ko an ajiye kwano. Motoci kawai nake ji. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Sannan ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, "Ke, a ƙara tsaki a tukunya."

Yanzu haka yana bayan gida yana buga tubali, shi da mijina suna gardamar inda ƙofa za ta kalla. Ɗaki biyu za a yi. Inna ta ce nata a sa masa ƙyaure mai ƙara.